Hajara da Jinin Cibiya

Kin san Hajara ta layin masu gyaran Adaidaita a Gyaɗi-Gyaɗi? To, ni na koya mata yankan cibiya. Ni! Ranar da ta fara ganin jinin haihuwa sai da na yayyafa mata ruwa. Amma da likitocin wani asibiti suka zo neman ungozomar da za ta riƙa lallashin masu ciki su yarda a ɗebi jinin cibiya, ita suka ɗauka, wai ta fi ni sanyin baki.

Aka ba ta farar riga, mata suka koma ce mata Anti. Ta haddace zancen likita tsaf. Wai a cikin jini akwai sojoji masu yaƙar cuta. Na babba sun sha yaƙi, sun gane ƙyanda da ƙarambau, na jariri kuwa sababbi ne fil, ba su taɓa karo da kowa ba. Bambancin ake dubawa.

Sai Sadiya matar ɗana Tanko ta tashi haihuwa a Tarauni. Jikokina goma sha ɗaya, duk ni na wanke mabiyiyarsu na binne a gindin katanga. Wannan karon ina isa asibiti na tarar Hajara ta riga ni, Sadiya har ta dangwala yatsa a takarda.

Na miƙa hannu na ce, "Ku ɗebi nawa ku bar na yaro. Na yi ƙyanda, na yi sanƙarau, ga ni daram."

Hajara ta tuntsire da dariya. "Yaya, irin naki ya cika mana firij. Wanda bai san komai ba muke nema."

A gaban ma'aikata fa! Na koma gida ko ruwa ban sha ba, na ce shi ke nan, mabiyiyar jikana ta ƙare a kwandon shara.

Wata biyu bayan nan Allah ya yi wa Hajara rasuwa. Masu gaisuwa suka toshe layi, har likitoci. Ni wa zai zo mini haka?

Amma ranar haihuwar, da la'asar, ta same ni a gidan Tanko da roba lulluɓe da zane, mabiyiyar a ciki. Ashe jini sirinji ɗaya kacal suka ja. Na karɓa ban ce mata sannu ba. Ta tsaya a soro ta ce, "Ban wanke ba, Yaya. Na ce musu kakarsa ce mai binnewa."