Kwalbar Rini da Idon Baba Goni

Ƙarfe goma da rabi na safiyar wata Talata abin ya fara lalacewa, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ina ɗaliba lokacin, an tura ni koyon aiki wani ƙaramin asibitin ido kusa da Ƙofar Na'isa, a shekarun da shingen sojoji ya cika Kano, kayan aiki ba sa isowa.

Ga yadda ake gwajin bushewar ido. Ana jiƙa bakin wata 'yar takarda mai rini, a kaɗe ruwan, a ɗan taɓa cikin fatar ido ta ƙasa. Mutum ya ƙifta, ya bar idon buɗe, mu haska shuɗiyar fitila muna ƙirga daƙiƙu har shimfiɗar hawayen ta tsage. In ta tsage kafin goma, idon a bushe yake.

Takardun suka kusa ƙarewa. Malam Sabo, babban jami'inmu, ya jiƙa ragowar a kwalba, ya ce daga yau a riƙa ɗigawa. Ɗigo guda kuwa cika ido yake taf. Ruwan da muka zuba muke aunawa, ba hawayen mutum ba.

Wanda aka fara ɗiga wa shi ne Baba Goni, mai rubuta Alƙur'ani da hannu a Yakasai. Ya ce idonsa kamar an zuba yashi, shafi guda ya gagare shi, ga izu goma ya rage masa. Gwaji ya ce lafiya lau. Malam Sabo ya ce tsufa ne, ya je ya huta.

Ni ba mai magana ba ce, sai rubutu. Mako uku ina rubuta kowane gwaji a littafina, kuma tun zuwan kwalbar nan ba a ƙara samun mai bushewar ido ba. Sau biyu ina nuna wa Malam Sabo, yana cewa karatu daban, aiki daban.

Da Baba Goni ya dawo, ya riga ya ajiye alƙalami. Na tsinci takarda guda a ƙasan aljihun tebur, na gwada shi yadda aka koya mana. Daƙiƙa huɗu. Na tambayi Malam Sabo mutum nawa muka sallama da ciwonsu.

Baba Goni ya ce, "Malam, alƙalami ma in ya sha tawada da yawa, ba rubutu yake ba."

Ranar na gane gara a ce wa mutum babu kayan gwaji da a ce masa lafiyarsa lau. Na maimaita tambayata. Malam Sabo ya ɗauki kwalbar ya tuntsurar a kwatami.

"Ban sani ba, Hadiza. Ke kika rubuta. Kawo littafin mu nemo su."