Sarauniyar Mijinyawa

Har yau idan na tuna abin da aka yi wa Mijinyawa sai raina ya ɓaci. Maƙwabcina ne a Unguwar Tudu, masassaƙin turmi, kuma a darar Turawa da ake kira ces babu na biyunsa daga Gwarzo har Kabo. Wani malamin makaranta ne ya koya masa, shi kuwa ya sassaƙa 'ya'yan darar da kansa. Gindinsu ba daidai ba ne, sai su riƙa karkacewa, don haka shekara ashirin hannunsa ya saba gyara musu zama yana cikin tunani. Duk wanda ya koya a gindin darbejiyarsa ya san haka, har da Abdulnasir na Kabo, wanda ya shekara huɗu yana zuwa ɗaukar karatu kyauta.

Bara aka shirya gasa, wanda ya ci shi zai je Kano. Idon Mijinyawa ya fara hazo, ya faɗa mini da bakinsa cewa in bai je a wannan karon ba, shi ke nan. Wasan ƙarshe ya haɗa shi da Abdulnasir.

Ya buɗe da buɗinsa na kullum, sojan gaban sarki, doki, doki. Ɗalibin nasa har ya fara gumi. A taku na shida Mijinyawa ya ga sarauniyarsa ta ɗan hau layi, ya sa yatsa ya daidaita ta. Wallahi iyakar abin ke nan.

Sai Abdulnasir ya ɗaga hannu, ko kunya babu. “Alƙali, Baba ya taɓa sarauniya.”

Wai doka ta ce abin da ka taɓa shi za ka motsa, sai in ka fara sanarwa gyara za ka yi. Gida ɗaya sarauniyar ke da shi na zuwa, kuma a bakin dokin Abdulnasir yake. Haka Mijinyawa ya rasa ta, ya rasa wasan. Na miƙe ina masifa aka fitar da ni waje kamar akuya. Dokar ba ta ba ni haushi ba, wanda ya san hannun malaminsa ya zauna yana jiransa shi ne ya ƙona mini rai.

Jiya na tarar da Mijinyawa yana wasa a gindin darbejiya. Sarauniya ta karkace har tana neman faɗuwa, shi kuwa ya zauna a kan hannayensa yana kallonta.