Ƙasimu Mai Sassaƙa na Uhudu

Zazzaɓi ne ya tafi da jin Ƙasimu tun yana ɗan yaye, a gidansu na unguwar Ƙiblatain, can ƙasa mai tsarki. Maganar da bai riga ya koya ba ita ma ta bi shi. Ya tashi yana karanta leɓen mahaifiyarsa, Hajiya Kaltume, wadda Hausar Damagaram ba ta taɓa barin bakinta ba, ita kuma tana karanta hannuwansa. Idan su biyu suka zauna hira a tsakar gida, sai mutum ya ɗauka faɗa ake yi, har sai ya ga dariya.

Da ya girma ya kama ɗan shago a Uhudu, bayan rumfunan masu sayar da dabino da tasbaha. Rubutun allunan shaguna ne abincinsa. Amma abin da aka san shi da shi zanen dutsen Uhudu ne a kan falankin katako, wanda maziyarta kan saya su kai gida. Jan dutsen nan yakan sake launi bayan la'asar, kuma Ƙasimu bai gaji da bin sa da fenti ba. Bai taɓa zana mai rai ba, ko tantabara.

Wajen shekarar 1998 ciwon sukari ya rufe idon Hajiya. Tana magana, yana gani; shi kuwa yana ɗaga hannu, ba mai karɓa. Aka sa ƙanwarsa Sundus a tsakani. Sai ya zauna ya zuba labari da hannu biyu, na ciniki, na wani alhaji da ya taya zane da kuɗin ƙasarsu, Sundus ta juya ta ce, "Ummi, yana gaishe ki." Wani lokaci ma da Larabci take faɗa, idonta na kan talabijin. Ƙasimu yakan dubi bakinta, ya dubi hannuwansa. Sai ya sauke su.

A wannan shekarar ya fara ajiye buroshi da wuri. Ya samo guntayen itacen magarya da wuƙa mai kaifi. Abu na farko da ya kai wa tsohuwa ɗan finjalin shayi ne, bai fi kan yatsa ba. Ta juya shi a tafinta, ta ce, "Shayi kake so, ko tambaya kake ko na sha?" Ya matsa hannunta sau biyu, wato na biyun. Daga nan abin ya yi ta yawa: dabino, mabuɗi, mota, ƙofar tsohon gidansu da ƙusoshinta. Ta sa aka zuba mata su a faifai kusa da matashinta. Hirar ba ta kai ta da ba, amma tasu ce.

Da matarsa Raliya ta samu juna biyu bayan dogon jira, ya tara matan gidan, ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna ɗakin Hajiya, ya buga ƙirjinsa. Sundus ta ce, "Halas, shi ke nan, mun ji, kai za ka faɗa mata. Amma ka yi sauri, ya shehu, bakina ƙaiƙayi yake."

Nan aikin ya tsaya masa. Jariri mai rai ne, wuƙarsa ba za ta je can ba. Ya sassaƙa ɗan kwano, ya ga za ta ce yunwa yake ji. Ya gwada zanen goyo, ya fito kamar tabarma. Kwanaki suka yi ta wucewa, cikin na shirin tona kansa, maƙwabta sun fara kallon Raliya suna murmushi.

Wata Juma'a da hantsi ya shiga ya durƙusa gabanta, ya sa mata abu a hannu. Takalmi ne ɗan mitsitsi, har da maɗaurinsa. Ta shafa shi ciki da waje. Ta daɗe. Sai ta fara magana fuskarta na fuskantar bango, inda ta zaci yake. Ya kai hannu a hankali ya juyo haɓarta wajen haske.

Ta ce, "Kai, ɗan nema. Na Raliya ne?"

Ya matsa hannunta.

"Alhamdu lillahi." Leɓenta ya ɗan yi rawa, ta tsayar da shi don ya iya karantawa. "To ina ɗayan? Da ƙafa ɗaya jikan nawa zai zo?"

Sundus tana bakin ƙofa, baki buɗe, tana jiran a ce ta fassara. Ba wanda ya waiwaye ta.