Ranar da Gawa Ta Roƙi Minti Goma

Wata rana, a wani ƙaramin ɗakin wasan kwaikwayo a Zariya, aka ba wani tela mai suna Sha'aban rawar da zai taka.

Shekara goma sha biyu yana ɗinka wa 'yan wasan wurin kayan sawa, yana roƙon a bar shi ya hau dandamali ko sau ɗaya.

Da aka tashi ba shi, sai aka ba shi gawa.

Wasan na Turawan Ingila ne, aka mayar da shi Hausa. Irin barkwancin nan nasu da suke yi da mutuwa. Tsoho ya rasu, 'ya'yansa sun ajiye shi a falo kwana uku suna shan shayi, suna gardamar kalar furen da za a ɗora masa.

Darakta, Malama Larai, ta ja masa kunne. Minti arba'in zai yi a ƙarƙashin farin ƙyalle. Motsi ɗaya, ya koma kan keken ɗinkinsa har abada.

Kunya ta hana shi gaya wa mahaifiyarsa gaskiya. Ce mata ya yi shi ne babba a wasan, tun daga farko har ƙarshe maganarsa ake yi.

Kuma fa bai yi ƙarya ba.

Ranar Asabar bayan la'asar ɗaki ya cika. Mahaifiyar tasa, Inna Tabawa, ta zo da sandarta, ta zauna a layin gaba tana neman autanta.

Aka buɗe labule.

Jama'a na ganin gawa, kowa ya nutsu. Aka yi barkwanci na farko, wani dattijo ya ce Allah ya jiƙansa, ɗaki ya amsa da amin. Wani ya kuskura ya yi dariya, aka harare shi har ya haɗiye ta.

Minti talatin ke nan, wasan dariya ya zama zaman makoki. Sha'aban na kwance yana jin komai, tausayin kansa ya kama shi.

Inna kuwa ranta ya gama ɓaci. Tun da take ba ta taɓa ganin an bar mamaci ya wuni ana shan shayi a kansa ba. Ta dogara sanda ta hau dandamali, ta kama yi wa 'yan wasa faɗa, wai ko babu maza ne a gidan.

Sai idonta ya sauka a kan ƙafar da ta leƙo daga ƙyalle. Babban yatsa a karkace, wanda taɓarya ta faɗa wa yana ɗan shekara shida.

Ta ɗan taɓa shi da sanda.

"Auta, abin da ka gayyato ni in gani ke nan? Tashi mu tafi gida."



Can wata ƙaramar murya ta fito daga ƙarƙashin ƙyalle:

"Inna, don girman Allah ki yi haƙuri. Saura minti goma a binne ni."

Ɗakin nan ya tarwatse da dariya. Dattijon da ya ja addu'a har hularsa ta faɗi.

Inna ta ja kujerar Turawa ta zauna, ta ce to za ta jira. Wani ɗan wasa ya miƙa mata shayi, ta karɓa. Daga nan kowane barkwanci sai da ya samu dariyarsa.

Da aka rufe labule, Sha'aban ya fito yana jiran faɗa, don ya san ya karya doka. Malama Larai ta tare shi tana share hawayen dariya. Ta ce doka ta hana motsi ne, kuma ko yatsa bai motsa ba. Maganar nan ma ta shiga wasan daga yau.

Sannan ta tambaye shi ko Inna na da wata hidima Asabar mai zuwa.

Darasi: Kada ka ɓoye wa mahaifiyarka ƙaramin matsayinka. Wadda ta gane ka da yatsan ƙafa ba za ta ji kunyarka ba, wataƙila ma ita za ta fito da kai.

Tura wa wani da ya daɗe yana jiran tasa damar. Kuma in taka innar na raye, kira ta yau.