Ƙafafun Ƙarfe a Bakin Rijiyarmu

Rijiyar garinmu ta Kurfai zurfi gare ta, in ka leƙa sai kanka ya juya. Duk rani kawuna, ƙanen innarmu, shi ke shiga yasarta. A ɗaura masa igiya a ƙugu, a zura shi, ransa na rataye da gwafannin icce da gara ta gama ci.

Zamanin soja ne yayana ya dawo daga Yamai da takardar injiniya. Kumandan mai mulkin yankinmu ya ba da ƙarfe a sake gwafannin, amma ɗan kaɗan, wai sauran na garin Abala ne. Wa zai yi musu da mai bindiga? Yaya ya zauna ya zana, ya goge, ya sake zanawa. Ya ce mini cikin kowane gini akwai ƙarfe mai ɗaukar nauyi, akwai mai cin banza. Ya bi masu cin banzan yana cirewa, yana lissafin inda nauyi zai taru kada ya wuce ƙarfin abin.

Da aka kafa, abin ya fito siriri kamar haƙarƙarin akuyar rani. Inna ta ce, "Kai, wanga abu shina ɗaukar mutum?" Yaya ya rataya buhunan gero a tsakiya, ko motsi bai yi ba. Wallahi na yi alfahari da shi ranar.

To, mu ba a tsakiya muke riƙe mai yasa ba. Tun kakanni, igiyarsa a gindin gwafa ake naɗe ta, a riƙa saki a hankali, tana ja ta gefe. Ba wanda ya faɗa wa Yaya, don abin da kowa ya sani ba a faɗinsa. Shi kuma lakkwal, makarantar boko, ta ɗauke shi tun bai isa riƙon igiya ba.

Ranar yasa, Kawu ya kai rabin rijiya ƙafa guda ta ƙarfen ta lanƙwashe. Ban ji ihunsa ba, ƙarar ƙarfen na ji. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, na rasa wa zan zaga.

An fito da gawar Kawu bayan azahar, aka rufe shi da la'asar. Garin ba shi da wata rijiya. Da magariba na kawo wa Inna ruwa, ta daɗe tana kallon ƙwaryar, ta tambaye ni daga ina. Na waiwaya wajen rijiyar. Ta sha.