Jajen Tauraro

Yayana ba ya cewa a'a. Sai dai ya gindaya maka sharaɗi, in ka cika ya ƙaro wani. Tun muna yara a Gayam na san shi da wannan hali, kuma bai bar shi a can ba da 'yan bindiga suka taso mu muka dawo cikin Birnin Gwari, shi yana noma gonar aro a bayan gari, ni ina koyarwa a firamare.

Babbar 'yarsa ce ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta. Burinta ta je jami'a ta karanta haɗa magunguna. Ya ce to, ta fara cin jarrabawar fita sakandare tukuna. Ta ci, har da A a yawancin darussa. Ya yi ta yawo da labarin a majalisa har abokansa suka fara sauya magana in sun hango shi. Sannan ya ce saura jarrabawar shiga jami'a. Ita ma ta cinye, kuma ba a daɗe ba saƙo ya shigo waya cewa an ba ta gurbi, ta je a tantance ta. Na ce yau dai sharuɗɗan Yaya sun ƙare.

Ashe rediyo za ta kawo masa ɗauki. Wata safiya ya ji ana hira a kan wata ƙasar Turawa da ta ƙirƙiro sabon maki a saman A, wato A mai tauraro. Wasu manyan jami'o'insu sun ce sai mai tauraro za su ɗauka, wasu sun ce a bari tukuna a ga kamun ludayin sabon makin. Yaya ya riƙe rabin farko, ya bar wa rediyo sauran. Ya sa aka kawo sakamakon yarinyar, ya duba gaba ya duba baya, ya ce babu tauraro ko ɗaya, don haka in ta je tantancewa koro ta za a yi. Gara ta zauna.

Na yi masa bayani cewa jarrabawarmu ba ta da tauraro, ba a bai wa kowa ba. Ya ce, "Malama, ke 'yan firamare kika sani."

Wannan magana ta yi min zafi ƙwarai. Ga lokacin tantancewa yana ƙurewa, ga yarinya ta daina cin abinci sosai.

A makon aka yi suna a unguwarmu. Na zauna cikin mata na yi tagumi har aka tambaye ni lafiya. Na ce ba komai, 'yar Yaya ce ba ta samu tauraro ba, karatu ya fasu. Ban ƙara ko kalma ba, kuma duk maganarsa ce na maimaita.

Washegari bayan la'asar aka fara sallama da Yaya. A garin nan ko akuyarka ce ta ɓata sai an zo maka jaje, balle karatun 'ya. Na laɓe a bayan ƙofar zaure. Na farko ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, Yaya ya amsa da amin can ƙasan maƙoshi. Wani ya ce dama shi tun farko ya yi mamakin yawan A ɗin nan. Sai ga maƙwabcinmu mai shagon taki, wanda ɗansa ya yi ta maimaita jarrabawar har aka san shi a ɗakin rubuta ta, bai taɓa haɗa kiredit biyar ba. Ya gyara zama ya ce, "Haƙuri za ka yi. Nawa ma tauraron nan ne ya hana shi. Ashe jirgi ɗaya ya kwaso su."

Nan Yaya ya kasa jurewa. Ya ce wane jirgi? Tauraro na Turawa ne, babu shi a ƙasar nan, da akwai da 'yarsa ce za ta fara ɗauka. Jami'a da kanta ta aiko tana nemanta, kuma jibi za ta tafi, duk mai shakka ya zo tasha ya gani. Bayani ya yi tiryan-tiryan, ya fi wanda na yi masa kyau.

Da suka watse ya shigo ya tarar ina tankaɗen garin da tuni aka tankaɗe. Ya daɗe yana kallona.

"Aikinki ne."

"Ni abin da ka faɗa na faɗa, Yaya."

Ya zauna a kan turmi ya ce, "Kin san hanyar nan ta Kaduna. Duk hutu sai ta bi ta, zuwa da dawowa, shekara da shekaru. Ni ina zan sa raina?"

Dariyar da nake ɓoyewa ta tsaya. Na san hanyar, kowa ya san wani da ya bi ta bai iso ba. Na ji tausayinsa, amma ban ce ta zauna ba, shi ma bai sake cewa ba.

Ranar tafiya muka raka ta tasha, inda motoci ke taruwa su jira rakiyar sojoji zuwa Kaduna. Maƙwabcin nan bai zo ba. An ɗaure kaya, yarinya ta shiga baya ta zauna a jikin taga. Yaya, wanda ya ce sallama kawai ya zo yi, ya buɗe ƙofa ya ce ta matsa tsakiya, ya zauna a wurinta. Ya leƙa ya tambayi direba ta wane ɓangare daji ya fi matso titi.

Direba ya ce, "Baba, ai duka biyun ne."

Yaya ya juyo ya dube ni ta taga.

"Malama, zagayo ki zauna ta can."

Ko mayafin kirki ban ɗauko ba, da silifas na fito. Na zagaya na shiga.