Ganyen Chaina a Barandar Baba

Baba ya yi aiki a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri, cikin Kaduna, tun kafin a haife ni. Shi ke haɗa launin da ake buga wa atamfa. Muna yara, gindin farcensa ba ya rabuwa da shuɗi, ko da ya wanke da sabulu da toka. Da aka rufe masaƙar ya yi gadi, ya buɗe tireda, ya gwada kiwon kaji, babu wanda ya zauna. Daga baya Mama ta rasu, ƙannena maza suka watse neman abinci, ɗaya Legas ɗaya Abuja, aka bar ni da shi a ɗan gidan da ya gina a Kamazou lokacin da yake da ƙarfi. Ina koyarwa a wata firamare a Sabon Tasha. In fita da safe in bar shi a baranda, in dawo in same shi a wurin, sai dai kujerar ta ɗan matsa ta bi inuwa.

Abin da ya rage masa na jin daɗi shayi ne, irin namu mai kauri, madara ta ji, sukari kuwa ba a magana. Sai likita ya ce yana da ciwon suga, ya hana. Na gwada ba shi ba sukari, ya kurɓa ya ture kofin.

"Wannan ai horo ne, ba shayi ba," in ji shi.

Daga ranar safiyarsa ta zama babu komai a cikinta.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga 'yar ƙabilar Ibo ce, kowa Madam yake ce mata. Tana da shago a kasuwar Sabon Tasha, tana zuwa Chaina saro atamfa da leshi. Baba yana amsa gaisuwarta amma ba ya sakin fuska, domin a wurinsa irin kayan da take kawowa su suka kashe masaƙa. Ta san haka, ba ta kuma fasa gaishe shi ba. Wata dawowa da ta yi, ta shigo mana da leda cike da ƙananan gwangwanaye da ƙunshe-ƙunshe, duk rubutun jikinsu na Chaina ne.

"Baba, mutanen da nake saye a wajensu kullum sai sun ba ni wannan," ta ce da Hausarta mai gudu. "Ni ba na shan ruwan ganye. Na ji an hana ka suga. Su haka suke sha, ba suga ba madara."

"Na gode, Madam. Koma da abinki. Sun ci kasuwarmu, ba za su kuma shiga cikina ba."

"Haba Baba, ba ni na rufe kamfani ba o. Ni ma abinci nake nema."

Ta ajiye ledar a kan turmi ta fita. Ledar ta yi kwanaki a ɗakin girki ba wanda ya taɓa.

Ni na fara buɗewa, wata Lahadi bayan mun dawo daga coci. Na ɗebi wani koren ganye siriri na zuba a tukunya, na tafasa shi kamar yadda na saba tafasa shayi, na tsiyaya a kofin gilashi na fito baranda. Kurɓa ɗaya na yi bakina ya ɗaure, ɗaci da bauri har cikin dasashi. Baba yana kallona ta gefen ido.

"Ɗago shi wajen haske," ya ce.

Na ɗaga. Ya girgiza kai.

"Kin kashe shi. Ganye kore, ruwansa ya koma ruwan ƙasa? Ko a rini akwai launin da ba ya son wuta. Je ki tafasa ruwa shi kaɗai, ki sauke ya huce kaɗan, ki kawo nan."

Da hannunsa ya ɗebi ganyen ya zuba a kofi, ya tsiyaya ruwan a hankali ta gefe. Muka ga ganyen yana miƙewa yana sauka ƙasa, ruwan ya ɗauki wani kore mai haske kamar sabon tohon masara. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce bari ya taɓa don ya tabbatar da maganarsa. Ya taɓa, ya sake taɓawa.

Haka abin ya fara. Duk Lahadi da yamma sai ya sa in fito da tire, ya shimfiɗa wani ƙyallen farin yadi da ya ajiye tun zamanin masaƙa, wanda rini bai taɓa ba, ya jera kofunan gilashi a kai. Ya ce ba a gane gaskiyar launi sai a kan fari. Da yake ba mu iya karanta rubutun ba, shi ya raɗa wa kowane ganye suna. Akwai wani da aka murza ƙulu-ƙulu, ya ce masa Kashin Akuya. In ya sha ruwa sai ya buɗe ya cika kofin da manyan ganyaye, yana ƙamshi kamar madara da ɗanyar ciyawa, kuma zubi na biyu ya fi na farko. Akwai baƙi mai ƙauri, wanda ya kira Kifi Banda. Ni ba na iya haɗiye shi, shi kuwa ya ce yana tuna masa ɗakin girkin kakarsa a kan dutse a Filato. Akwai mai ƙamshin fure da nake so, Baba ya raina shi, ya ce turare aka fesa don a ɓoye ganye maras hali. Muka daɗe muna wannan musu. Sai kuma wani da aka matse ya zama faifai mai tauri, sai an sa wuƙa ake ɓantara, wannan shi ne Daddawa. Ranar farko na ce ya lalace, don warin tsohon ɗaki yake yi. Madam ta leƙo ta katanga ta ce a Chaina ta ga suna zubar da ruwan farko. Muka zubar. Na biyun ya fito ja mai duhu, santsi a harshe, ba ɗaci ko kaɗan, sai wani zaƙi da ke tasowa daga maƙogwaro bayan ka haɗiye.

Har ruwa ya sa muka gwada. Ya ce na bohal ɗinmu yana da ƙarfe-ƙarfe, yana dushe koren. Na leda ya fi, amma ba shi da rai. In hadari ya taso daga wajen Rido sai ya miƙe da kansa ya fitar da roba tsakar gida, nesa da indararo, ya tari na sama. Mutumin da sai na yi da gaske yake tashi cin abinci.

A wannan damina na ji labaran da bai taɓa ba mu ba. Yadda sashen rini ke da zafi har mutum ya matse rigarsa, yadda ake tashi aiki kekuna su cika titin Kakuri ba masaka tsinke, yadda ya taɓa gano Mama a cikin taron biki daga nesa saboda zanin da ke jikinta shi ya haɗa shuɗinsa. Har Madam ya fara kira ta zo ta zauna. Ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce, "Baba, wannan magani ne," ya yi dariya har da tari. Na yi wa ƙannena waya na ce Baba ya dawo. Da gaske na ɗauka ya dawo.

Wata yamma muna shan Daddawa, Baba ya riƙe kofin da hannu biyu.

"Kin san abin da ke damuna?" ya ce. "Abin nan yana da kyau. Na so a ce banza ne. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina da arha kawai suka fi mu, ba da iyawa ba. To dubi wannan. Mutanen da za su yi wa ganye irin wannan haƙurin."

Bai ƙarasa ba. Na ce ai shayi daban, atamfa daban. Ya ce haka ne, amma na ga bai karɓa ba.

Da kaka ta shigo na fara lura da hannunsa. Zai tsiyaya ruwa sai ya zuba a gefen kofi, ƙyallen ya jiƙe. Ya ce butar ce ke da karkataccen baki. Wata Lahadi ya ɗaga Kifi Banda wajen haske ya ce na cika ruwa, ya yi fari da yawa, alhali baƙi ne wuluk kamar kullum. Na kai shi asibiti. Bayan dogon layi da ɗige-ɗigen magani, likitan ido ya ja ni gefe ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, sugan ne ya ci can ciki, kuma an makara. Ya ce za a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage. A cikin keke muna dawowa Baba bai tambaye ni abin da aka ce ba, ni ma ban faɗa ba. Ya ɗora hannu a gwiwata kawai har muka iso.

Abin da ya rage ɗin bai daɗe ba. Kafin wata damina sai haske da duhu yake bambancewa.

Ban daina fito da tire ba. Ni nake zubawa yanzu, in sa masa kofin a hannu. Sai ya ce, "Gaya mini launinsa."

"Ja-ja ne, Baba."

"Wane irin ja? Ruwan goro ko ruwan makuba?"

"Kamar tsakaninsu."

"Babu wani abu tsakaninsu! Ya karkata wajen zuma ko wajen hanta? Gefen kofin fa, akwai zobe mai haske?"

Na zuba wa kofin ido har hawaye ya taru mini. Ni dai ja nake gani. Ina koya wa yara sunayen launuka a aji, amma abin da yake nema ba ni da idon ganinsa, balle bakin faɗa. Na gwada duk yadda zan iya, in kwatanta da ƙasar bakin titi, da ruwan kogin Kaduna bayan ruwan sama, da bayan kyankyaso. Wani lokaci ya gyaɗa kai don ya sauƙaƙa mini. Wani lokaci ya fusata. Ranar da abin ya fi muni, ya ce na zuba masa Kashin Akuya na ce Daddawa ce don in gwada shi. Na rantse ban yi ba. Ya kai hannu zai ajiye kofin, bai sami tiren ba, kofin ya faɗi ya fashe. Ina tsince gilashin ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Duk sun zama ɗaya a bakina. Ashe da ido nake sha."

Na ce ba haka ba ne, harshensa lafiya lau, mura ce. Ya ce in bari.

A cikin wannan halin Madam ta zo sallama. Tafiya Chaina ta gagara, kasuwa ta mutu, 'ya'yanta sun matsa ta koma gida. Ta kawo sauran ganyen da ke wurinta, ta durƙusa gaban Baba ta kama hannunsa. Ya shafa hannun nata ya ce, "Madam, ke ma sun gama da ke ke nan." Ta ce, "Baba, Allah yana nan." Ta fita tana share ido da bakin zani. Waɗanda suka kama gidan bayanta ba su san mu ba, gaisuwa ce kawai ta katanga.

Na ci gaba da gwadawa na ɗan lokaci. In ɗora ruwa, in kira sunan ganyen da fara'a kamar ina lallashin yaro. Ya ce in sha ni kaɗai. Na sha ni kaɗai a ɗakin girki a tsaye, na ji kamar ina cin abinci a gaban mai azumi, na bari. Damina ta yi ƙarfi, danshi ya shiga kabad. Ranar da na buɗe na tarar ƙunshe-ƙunshen sun yi funfuna, gwangwanayen sun yi tsatsa a baki. Na kwashe na zubar a bola. Ban gaya masa ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Yanzu ruwan zafi yake sha, zalla. Ya ce yana sassauta masa ƙirji. Ƙannena suna waya su ce a kai shi ƙauye wajen dangi, ko in nemo mai kula da shi in yi rayuwata tun da sauran lokaci. Ƙauyen babu wanda ya rage da zai iya da shi, kuma ba ya yarda wani ya riƙe masa hannu sai ni. Na ce musu za mu gani. Na daɗe ina cewa za mu gani.

Da safe in yi masa allurar suga, in ba shi abin kari, in cika fulas in ajiye jikin ƙafarsa ta dama inda zai laluba ya samu. In kashe gas, in ɗauke duk abin da zai yi tuntuɓe da shi tsakanin ɗaki da bayi. In ce, "Baba, na tafi." Wata rana ya ce a dawo lafiya. Wata rana ba ya amsawa, sai in tsaya a bakin ƙofa har in ga ƙirjinsa ya motsa, sannan in ja ƙyauren in fita neman keke.